Yadda Ake Horar da Malaman da Za Su Taimaki Yaran da Karatu da Rubutu Ke Yi wa Wuya

Shekarun baya, ina koyar da aji huɗu a wata firamare cikin birnin Zariya, akwai wani yaro da na sha yi wa bulala a kan karatu. Da yamma yana taya mahaifiyarsa sayar da ƙosai, bai taɓa kuskuren canji ba. In aka ba da labari a aji, shi zai maimaita maka shi tiryan-tiryan. Amma ka rubuta "gida" a allo, sai ya ƙura wa kalmar ido, ya saci kallon bakin na kusa da shi, ya ce "gado". Na ɗauka wasa ne ya yi masa yawa. Har ya bar hannuna ban san abin da ke damunsa yana da suna ba, balle in san akwai hanyar taimakonsa. Har yau abin yana ci mini rai.

Wannan bayani na waɗanda ke son shirya horo ne, ko hedimasta, ko mai makarantar kuɗi, ko malamin kwaleji, ko ƙungiyar unguwa. A riƙe abu ɗaya tun daga farko: bitar kwana uku a zaure ba ta mai da kowa gwani a wannan aiki. Sai mutum ya zauna da yaro na gaske, gwiwa da gwiwa, zango guda cur, ana kallon yadda yake yi ana gyara masa. Duk matakan da ke ƙasa shiri ne na wannan zaman.

Mataki na 1: A san matsalar da ake magana a kai

Masana suna kiran wahalar karatu mai nacewa disleksiya. Wani likitan ido a Jamus, Rudolf Berlin, shi ya raɗa sunan a 1887. A 1896 wani likita a Ingila, Pringle Morgan, ya yi bayanin wani yaro ɗan shekara 14 mai kaifin basira wanda karatu ya gagara, har malaminsa na ganin da a baki ake koyar da komai, da babu wanda zai kamo shi a makarantar. A zamanin an zaci matsalar ido ce. Yanzu an gane tushenta yana wajen sauti: yaro yana jin magana sarai, amma tsinka kalma zuwa ƙananan sautukanta, da ɗaura kowane sauti a kan harafinsa, shi ke ba shi wuya. Abin yana bin jini, ba shi da alaƙa da ƙarancin hankali, kuma ƙiyasin da aka fi ambata shi ne yara 5 zuwa 10 cikin 100. Akwai kuma 'yar'uwarta ta ɓangaren rubutu, disgirafiya, inda hannu ke kasa fitar da abin da ke cikin kai.

Sai dai a nan wurinmu dole a yi hattara. A ajin da yara suka haura ɗari, malami ɗaya, babu littafi, akasarin waɗanda ba su iya karatu ba, ba lalura gare su ba, ba a koya musu ba ne. Don haka wanda za a horar yana buƙatar ya iya koyar da karatu da kyau tukuna. In an koyar yadda ya kamata, yawancin yaran za su tashi. 'Yan kaɗan da suka rage a baya duk da haka, su ne ake nema.

Mataki na 2: Zaɓen waɗanda za a horar da mai horarwa

A ɗauki malaman aji ɗaya zuwa uku, waɗanda alli ke hannunsu kullum, ba waɗanda suka koma ofis ba. A sa malaman Islamiyya a ciki, domin yaron da ke fama da safe a boko shi ne dai ke fama da yamma a wurinsu. Kada a wuce mutum 12 zuwa 16 a zubi ɗaya, kuma a ɗauko biyu-biyu daga kowace makaranta, saboda wanda ya koma shi kaɗai da sabon abu yakan yi sanyi da wuri. Ni na fi son malama mai haƙuri mai takardar NCE a kan mai digiri mai saurin fushi. In makarantun gwamnati ne, a fara da izinin sakataren ilimi na ƙaramar hukuma, ta Zariya ko ta Sabon Gari.

Mai horarwa kuwa, Zariya ba ta rasa inda za a nema ba. Akwai tsangayar ilimi da cibiyar ilimi a Jami'ar Ahmadu Bello, akwai Kwalejin Ilimi ta Tarayya wadda aka ɗaga zuwa jami'ar ilimi. Jami'ar Bayero a Kano da Jami'ar Jos suna da sashen ilimin masu buƙata ta musamman, a Oyo kuma akwai kwaleji sukutum ta wannan fanni. Tambaya ɗaya za a yi wa duk wanda aka samo: ya taɓa zama da yaro ya koya masa karatun Hausa daga tushe? In bai taɓa ba, a haɗa shi da tsohuwar malamar aji ɗaya su yi aikin tare.

Mataki na 3: Ranar farko, a ɗanɗana musu

Kada a buɗe da lacca. A ƙirƙiro alamomi goma masu kama da juna, a ce kowace tana madadin harafi ɗaya, a nuna musu na minti biyu, a goge. Sannan a rubuta jimla da alamomin, a tsayar da mutum ɗaya a ce, "Malam, karanta mana, muna jira." A sa sauran su riƙa cewa ya yi sauri. Za ka ga babban mutum yana gumi, wani ya fara dariyar kunya, wata ta ce kanta ke ciwo. Wannan ba shi ne disleksiya ba, a gaya musu haka a fili, amma shi ne abin da yaron ke ji kullum idan aka tsayar da shi gaban aji.

Daga nan a tambaye su sunayen da ake kiran irin waɗannan yara. Za su kawo su da kansu: daƙiƙi, dolo, ƙwaƙwalwar kifi, ba ya ja. A rubuta a allo, a yi alkawari a tsakani cewa daga ranar an ajiye su tare da bulala. Bulala ba ta taɓa koya wa yaro sautin harafi ba, abin da take koya masa shi ne guje wa makaranta.

Mataki na 4: A gyara kunnen malami kafin na yaro

A nan ne aikin yake, kuma ya cancanci kwana biyu ko uku shi kaɗai. Yawancinmu da waƙar "ba be bi bo bu" muka taso, ko da sunayen haruffan Turanci, "e, bi, si, di". Waƙar gaɓoɓi tana da amfani, domin gaɓar Hausa ba ta da sarƙaƙiya, amma yaro mai wannan matsala yana haddace ta ne kamar yadda yake haddace tallar rediyo. Nuna masa "bo" ita kaɗai, sai ya faro daga "ba" yana ƙirgawa. Sunan harafi kuwa ba ya haɗa kalma: "ji, ai, di, e" ba za su taɓa zama "gida" ba.

To a fara da malaman kansu. A ba kowa marafan kwalbar lemo goma. A faɗi kalma, su tafa gaɓoɓinta, sannan su tura marfi ɗaya ga kowane sauti. "Gida" gaɓa 2, sauti 4. "Shanu" haruffa 5 ne amma sauti 4, domin "sh" sauti ɗaya ne. "Tsintsiya" haruffa 9, sauti 7. Za ka yi mamakin yawan malaman da za su tura marfi tara. Ba laifinsu ba ne, idonsu ya saba da rubutu har ya danne kunnensu. A ci gaba da "ƙwai", "gyaɗa", "kyanwa", "'ya'ya", har sai sun daina kallon harafi sun koma jin sauti. A koya musu furta baƙi a taƙaice, "mmm" ba "ma" ba, "sss" ba "sa" ba. Sannan wasannin baki: cire sautin farko na "kaza" me ya rage, canza sautin farko na "rana" ya koma "w", kawo kalmomi uku masu farawa irin na "suna".

Akwai tarko uku na rubutun Hausa da dole mai horo ya tsaya a kansu. Na farko, yaron Bature da "b" da "d" yake kokawa, namu kuwa huɗu gare shi: b, d, ɓ, ɗ, ga kuma k da ƙ. Ƙugiya 'yar mitsitsiya ce ke raba "kafa" da "ƙafa", "daka" da "ɗaka", "bari" da "ɓari". Malamin da ke rubutu a allo ba ya sa ƙugiya yana ƙara wa wannan yaro kaya. Na biyu, rubutunmu ba ya nuna tsawon wasali ko karin sauti, shi ya sa "gari" na mutane da "gari" na tuwo suke fita iri ɗaya, haka "kuka" na hawaye da "kuka" na miya. Irin waɗannan a cikin jimla ake koyar da su, ba a tsirara ba. Na uku namu ne na Zazzau. Yaron da ya rubuta "rigan Baba" maimakon "rigar Baba" ba matsalar karatu gare shi ba, abin da kunnensa ya ji a gida ya rubuta, wanda hakan ma alama ce mai kyau. A koya masa daidaitacciyar Hausa a hankali, amma kada a lissafa shi cikin masu lalura.

Malaman allo suna da abin da za su ƙara a nan, a ba su dama. Tsarin babbaƙu sannan farfaru, yaro na nuna harafi da yatsa yana faɗa da baki, daga baya ya rubuta da tawada, tsari ne mai hawa-hawa da ke haɗa ido da kunne da hannu. Irin wannan haɗa ido da kunne da hannu shi ne ginshiƙin hanyar da Samuel Orton da Anna Gillingham suka shimfiɗa a Amurka a shekarun 1930, wadda har yau ake gina darussan irin waɗannan yara a kanta. Inda yaron ke tuntuɓe a allo shi ne haruffan da ɗigo kaɗai ya raba, kuma yakan ɓuya cikin hadda har a daɗe ba a gane ba ya karantawa. Ga kuma sauyin hanya, safe a boko daga hagu, yamma a allo daga dama. Ɗan ɗigon kore a gefen hagu na littafin boko, a ce masa daga nan mota ke tashi, yana rage wannan ruɗani.

Mataki na 5: A fara kawar da sauran dalilai

Kafin a ce komai game da yaro, a duba idonsa da kunnensa. A koya wa malamai amfani da allon gwajin ido mai harafin E, yaro na tsaye nisan mita 6, ana rufe ido ɗaya bayan ɗaya. Kunne kuma a tsaya bayansa nisan hannu, a toshe ɗaya, a raɗa lambobi ya maimaita. Wanda ya kasa, ko mai kunne na zubar da ruwa, a shawarci iyaye su kai shi asibiti. Asibitin Koyarwa na Shika na nan, a Kaduna kuma akwai cibiyar ido ta ƙasa da ta kunne. A duba rajista a ga kwana nawa yake zuwa. A tambaya ko yana karyawa kafin ya fito. A san harshen gida, musamman a Sabon Gari da Samaru inda aji guda kan tara harsuna da dama. A kuma tuna juya harafi, a rubuta "d" a madadin "b", abu ne da yawancin yara ke yi har wajen shekara 7.

Mataki na 6: Gwaji na minti goma

A koya musu gwaji mai sauƙi irin tsarin EGRA, wato gwajin karatun yaran ƙananan azuzuwa, wanda aka yi amfani da shi da Hausa a jihohi kamar Bauchi da Sakkwato. Yaro ɗaya, malami ɗaya, wuri mai shiru, agogon waya a ajiye inda yaro ba zai tsorata da shi ba. Minti ɗaya na sautin haruffa, minti ɗaya na gaɓoɓi a hargitse, minti ɗaya na kalmomin da ba su da ma'ana kamar "lomu", "zike", "fugo", minti ɗaya na gajeren labari. Kalmomin banzan nan su ne ma'auni na gaskiya, domin ba a haddace su, ba a kuma cankar su. Sannan malami ya karanta wa yaro wani labari ya yi masa tambayoyi, a ƙarshe a yi shiftar kalmomi biyar.

Ba maki kaɗai ake rubutawa ba, har da irin kuskuren. Ya tsallake gaɓa? Ya kalli harafin farko ya canki sauran, kamar yarona mai "gado"? Ya karanta daidai amma kamar mai hawan dutse? Alamar da ta fi jan hankali ita ce yaron da ya amsa duk tambayoyin labarin da aka karanta masa, amma ya kasa karanta layi ɗaya da kansa. Kowane malami ya gwada a kan abokinsa sau uku kafin ya taɓa yaro. Kuma a jaddada musu: ba su da hurumin yanke hukunci su ce wane yana da disleksiya. Wannan aikin ƙwararrun masana halayyar ɗan'adam ne da likitoci. Nasu shi ne su ce ga inda ya tsaya, ga inda za a faro.

Mataki na 7: Darasin minti talatin

Yara kada su wuce huɗu, sau uku ko huɗu a mako, kuma ba a lokacin tara ba, don kada yaro ya ɗauke shi hukunci. Tsarin ba ya canzawa, saboda sanin abin da ke tafe yana kwantar wa irin waɗannan yara hankali. A fara da wasan sauti na baki, minti biyar. A bi da bitar haruffan da aka riga aka koya a kan katin kwali. Sai sabon harafi ɗaya tak: a faɗi sautinsa, a zana shi a iska da hannu gaba ɗaya, a zana cikin tire mai rairayi, a murza shi da yumɓu, baki na faɗa hannu na yi. Sannan a haɗa shi da tsofaffin a gina gaɓa da kalma, a karanta gajeren rubutu, a rufe da shiftar kalma biyu ko uku.

Kada a bi jerin abacada. A fara da haruffan da ke haifar da kalmomi nan take. Da a, k, m, n kaɗai yaro zai karanta "kaka", "mama", "nama", "kama", har da jimla, "Kaka na nan." Ranar da yaron da ya shekara uku yana zaune a aji ya karanta wannan jimla da kansa, ka dubi fuskarsa. A raba "b" da "d" da makonni, kada a kawo masu ƙugiya sai marasa ƙugiyar sun zauna daram. Kowane mai karɓar horo ya rubuta gajerun labarai biyar da haruffan da aka koya kawai, a yi musaya, a tara su zama littafin rukunin.

Ta fannin rubutu, a duba riƙon fensir, a ba da takarda mai faɗin layi, a rage kwafe daga allo, domin ɗaga kai da sunkuyarwa na sa yaron ya ɓata inda yake. Bahago a bar shi ya yi rubutu da hagunsa, a karkata masa takarda kawai. Yaron da labari ke cike da bakinsa amma hannunsa ya ƙi, a bar shi ya faɗa malami ya rubuta, sannan ya kwafi jimla ɗaya daga maganarsa.

Mataki na 8: Zango guda tare da yaro

Kowane mai karɓar horo ya ɗauki yara biyu, ya yi musu gwajin farko, ya buɗe musu fayil, ya bi su har ƙarshen zango. Mai horarwa ya ziyarci kowa aƙalla sau uku, ya zauna a gefe ya yi shiru har a gama. Bayan yara sun fita, ya fara da tambaya: "Malama, ina kika ga ya tsaya?" Sannan ya faɗi abu ɗaya da ya yi kyau, da abu ɗaya da za a gyara. Ɗaya, ba goma ba. Kurakuran da na fi gani su ne gaggawar faɗa wa yaro amsa kafin ya gama ƙoƙari, da tsallakawa sabon harafi alhali na jiya bai zauna ba, da yawan surutun malami. Ƙirga biyar a zuci kafin a sa baki yana magance na farko.

Duk Asabar biyu a haɗu na awa biyu, kowa ya zo da fayilinsa, a ɗauki yaron da ya fi ba da wuya a tattauna. Ana iya buɗe zauren WhatsApp don tambayoyi, amma ban da sunan yaro, ban da hotonsa. In za a naɗi murya don bita, sai da yardar iyaye.

Mataki na 9: Magana da iyaye

A yi wannan a matsayin wasan kwaikwayo tun a wurin horo, wani ya zama uba, wata ta zama uwa. Akwai uban da zai ce, "Malam, ai ni ma haka na yi, shi ya sa na kama kasuwa." Akwai uwar da za ta ce hannu aka sa wa ɗanta. Kada a yi musu gardama, kada kuma a jefa musu kalmar da za ta tsorata su. A fara da abin da yaron ya iya: "Hajiya, ɗanki yana da kai, labarin da na karanta sau ɗaya ya riƙe shi duka. Haɗa haruffa ne ke ba shi wuya, kuma akwai yadda ake koyar da shi. Addu'a a ci gaba da yi, mu kuma ga abin da za mu yi a makaranta." Abin da ake roƙo a gida kaɗan ne: a daina dukansa a kan karatu, a daina gwada shi da ƙanensa, a ba shi minti goma da katunansa bayan magariba, a yawaita yi masa tatsuniya da kacici-kacici. Uwar da ba ta yi boko ba tana iya duk wannan.

Mataki na 10: Ƙarshen zango

A maimaita gwajin farko, a ajiye sakamakon biyu gefe da gefe. Satifiket a kan fayil ake bayar da shi da darasin da aka gani da ido, ba a kan halartar zama ba. Waɗanda suka fi nuna hannu su zama mataimakan mai horarwa a zubi na gaba, amma kada a sake su su horar da wasu su kaɗai sai sun yi shekara suna aikin.

Yaran da suka tashi a mayar da su cikin aji. Waɗanda suka motsa kaɗan a ci gaba da su wani zangon. Wanda bai motsa ba duk da zuwa kullum, a rubuta takardar tura shi wurin ƙwararru, a haɗa da kwafin fayil, kuma darasinsa kada ya tsaya saboda ana jiran amsa. Kafin a rufe makaranta, mai karɓar horo ya zauna da malamin ajin da yaron zai shiga, ya miƙa masa fayil hannu da hannu, su amince a kan abu uku: a zaunar da shi a gaba, kada a tsayar da shi karatu a bainar aji ba tare da an ba shi wurin tun jiya ya shirya ba, kuma a jarrabawar da ba ta karatu ba a karanta masa tambayoyin a ƙara masa lokaci.